Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba

Duk ɗan kasuwar da ya san ciwon jarinsa ba ya ɗaure kaya ya aza wa mota sai ya kwance ya duba. Haka ma'aikacin kirki ba ya miƙa takarda ga shugabansa sai wani ya bi ta da ido. To, marubucin Hausa a birnin Yamai, wa ke duba masa nasa kaya kafin ya kai shi maɗaba'a? Tambayar ta ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da Kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasar Nijar. Harshen da aka ɗora wa wannan kaya yana buƙatar littattafai masu inganci.

Manyan marubutan Nijar na farko da Faransanci suka yi fice, kuma a Faransa aka buga yawancin ayyukansu. Boubou Hama ya fitar da littattafai da dama ta kamfanin Présence Africaine, shi kuwa Abdoulaye Mamani kamfanin L'Harmattan ne ya buga masa Sarraounia a 1980. Irin waɗannan gidaje suna da masu karanta rubutu kafin a buga. Adabin Hausa na boko ma da mai gyara ya soma: bayan gasar da Dokta Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, shi ne ya bi rubuce-rubucen da suka yi nasara, ciki har da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, kafin su fito.

Da tattalin arzikin Nijeriya ya taɓarɓare a shekarun 1980, manyan kamfanoni suka ja baya daga buga ƙagaggun labarai. Sai marubutan Kano suka koma bugawa da kuɗin aljihunsu, suka kuma haɗa kai cikin ƙungiyoyi. Mafi shahara ita ce Raina Kama, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino, da Ɗan'azumi Baba, da Balaraba Ramat Yakubu suke cikin jagororinta. Littattafan mambobinta kan fito da sunan ƙungiyar tare da jerin ayyukan sauran ƴan'uwa, ta haka kowane littafi ya zama tallar ɗan'uwansa. Reshen Kano na Ƙungiyar Marubutan Nijeriya, wadda Chinua Achebe ya kafa a 1981, shi kuma ya yi suna da zaman karatu na wata-wata, inda marubuci kan karanta abin da ya rubuta, mahalarta su yi masa sharhi gaba da gaba.

Tsarin irin wannan zama ba shi da wuya. Mai rubutu ya karanta babi ɗaya da babbar murya, sa'an nan ya kame bakinsa. Wani ya ce tauraron labarin ya bar Maraɗi da safe, ga shi a Agadas kafin azahar, alhali babu motar da ke wannan gudu. Wata ta ce budurwar cikin labarin tana magana kamar alƙali. Malamin lakwal ya nuna inda aka haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Abin da kunne ya kama a zaure, da wuya idon mai shi ya gan shi a ɗaka, domin laifi tudu ne.

Marubucin Yamai yana da wata matsala ta kansa. Tun taron Bamako na 1966 ake ƙoƙarin daidaita haruffa, kuma a 1999 gwamnati ta fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa na Nijar. Amma akasarin littattafan da masu karatu suka saba da su daga Kano suke zuwa. A nan ana rubuta ƴ mai ƙugiya, can kuwa waƙafin sama ake sa wa y. A nan likita gidan magani ne, mai duba marar lafiya shi ne lokotoro. A Kano likita mutum ne, gidan kuma asibiti. Wanda ke son littafinsa ya sayu daga Damagaram har Katsina tilas ya zaɓi kalmominsa da lura, kuma abokan zama ne za su faɗa masa inda mai karatu zai yi tuntuɓe.

Sai dai zaman yana da sharuɗɗa. A soki rubutu, a bar mai rubutu da mutuncinsa. Kada girman shekaru ko na muƙami ya rufe bakin ƙarami, kada kuma kara ta mayar da zaman wurin yabon juna. Abin da aka ji a zaure amana ne, ba a ɗauke labarin wani a riga shi kasuwa.

Wuraren zama ba su yi ƙaranci a Yamai ba: ga Jami'ar Abdou Moumouni, ga cibiyar CELHTO mai adana adabin baka, ga Gidan Al'adu na Oumarou Ganda, kai ko rumfar ɗan kasuwa bayan la'asar ta wadatar. Kuskuren da aka kama a takardar hannu, biro ne kawai zai ci. Wanda ya tsallake zuwa maɗaba'a kuwa, da jarin marubuci da sunansa yake tafiya.