Dokar Turai da Dilar Gwanjo

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Wambai ta Kano da sassafe, a farkon hunturu, ya san yadda ake fasa dila. Yaro zai datse ƙarfen da aka ɗaure ta da shi, sai kayan da inji ya matse su kumburo kamar ƙullin da ya kwana, warin nan da kowa ya san gwanjo da shi ya tashi. Masu sari sun yi da'ira, kowa idonsa na kan hannun mai dila. Kafin rabin sa'a an kasa kaya uku: na zaɓe, waɗanda za a goge a rataye, na tsakiya, da za a zube a ƙasa ana kiran farashi, sai tarin da ake turewa gefe da ƙafa, rigar da hammatarta ta cinye, wandon da zif ya mutu, suwaita mai tabon da ba sabulun da zai fitar. Mai dila bai ga cikinta ba kafin ya biya. Sa'a ya saya. Kuma daga Akra har Nairobi kukan 'yan gwanjo ɗaya ne, wai tarin nan na uku sai ƙara tudu yake yi.

Saboda wannan tarin ne ya kamata mu kasa kunne ga abin da ake yi a Burasel, hedkwatar Tarayyar Turai, inda tun watan Maris na 2022 aka fito da manufar sa wa masana'antar tufafi linzami. Su ma tura ce ta kai su bango. Ƙididdigar Tarayyar ta nuna cewa mutanenta na zubar da tufafi da takalma sama da tan miliyan 5 a shekara, wajen kilo 12 ke nan ga kowane mutum, kuma abin da ake iya mayarwa zare a sake saƙa sabon tufafi da shi bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Tushen abin shi ne cinikin tufafin sa-ka-yar, wanda Zara da H&M suka yi suna a kai, sannan Shein da Temu suka zo suka ninka saurinsa ta intanet: a ɗinka da arha, a sa sau biyar ko shida, yayi ya wuce, a jefar.

Babbar dokar da aka yi ta fara aiki ranar 18 ga Yuli, 2024. Ta ba hukumar Tarayyar ikon gindaya sharuɗɗa kan ƙarkon kaya, da sauƙin gyara su, da yiwuwar sake sarrafa su, kuma ta tanadi abin da za mu iya kira fasfon kaya, wato lambar da za a haska da waya a ga da me aka yi riga, a ina, da wane sinadari. Sashen da ya fi jan hankali shi ne wanda ya tsayar da 19 ga Yuli, 2026 a matsayin ranar da manyan kamfanoni za su daina lalata tufafi da takalman da suka yi kwantai. Matsakaita an ɗaga musu ƙafa zuwa 2030, ƙanana kuwa an ƙyale su. Mai karatu zai yi mamakin a ce sai an yi doka kafin ɗan kasuwa ya daina ƙona hajarsa. To ai a 2018 ne aka gano daga rahoton kamfanin Burberry na Ingila cewa ya lalata kaya na fam miliyan 28.6 a shekara guda, don kada a karyar da su darajar sunansa ta faɗi. Sai da duniya ta yi masa caa ya ce ya daina.

Faransa ce ta riga kowa. Tun 2007 take da tsarin da ya ce wanda ya kawo tufafi kasuwa shi zai biya kuɗin kwashe su idan sun tsufa. Ana karɓar 'yan kuɗi kaɗan a kan kowace riga, ƙungiyar Refashion ta tara ta biya masu tattarawa da masu tantancewa. Ta hana lalata kwantai tun farkon 2022. A ƙarshen 2023 har rangwame ta fara yi, daga yuro 6 zuwa 25, ga wanda ya kai rigarsa wurin tela ko takalminsa wurin mai gyara. Abin ya ba ni dariya: sana'ar da telan nan mai yawo da keke a kafaɗa, yana kaɗa almakashi lungu-lungu, yake yi mana a kan kuɗin shayi, ita ce Bature ke zuba tallafi don ta farfaɗo. A watan Satumba na 2025 Majalisar Turai ta amince a shimfiɗa irin tsarin biyan nan na Faransa a duk ƙasashen Tarayyar, aka ba su wata 30 su kafa nasu.

Sai dai ƙazantar tufafi ba a ranar zubar da su take farawa ba. Ana ƙiyasta cewa rigar auduga guda, irin mai gajeren hannun nan, tana cin ruwa kusan lita 2,700 daga gona zuwa kanti. Noman auduga ne ya sa Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan Amu Darya da Sir Darya tun shekarun 1960, har tekun Aral ya janye ya bar jiragen kamun kifi a kan rairayi. Mafi muni kuma shi ne rini, kuma nan ne aka taɓa ganin doka ta yi cizo da gaske. Garin Tiruppur na jihar Tamil Nadu a kudancin Indiya shi ne cibiyar saƙa singileti da ƙananan riguna na ƙasar. Shekara da shekaru marinansa na sakin ruwa mai gishiri da launi cikin kogin Noyyal, har madatsar Orathupalayam da aka gina don ban ruwa ta koma tafkin guba, rijiyoyi suka yi zartsi, gonaki suka daina bayarwa. Manoma suka yi ta kai ƙara. A watan Janairu na 2011 Babbar Kotun Madras ta ba da umarnin rufe marina da wuraren wanke yadi kimanin 700, ta ce ba mai buɗewa sai ya tabbatar ko ɗigo ɗaya ba zai saki ba. Dubban ma'aikata suka rasa aiki, aka ce garin ya mutu. Bai mutu ba. Masu marina suka haɗa kai suka inganta matatun taron dangi, inda ake tace ruwan a mayar da mafi yawansa cikin tukunyar rini, gishirin ma a tsame shi a sake amfani da shi. Rini ya yi tsada, wasu ƙananan marina suka tattara suka koma inda ido bai kai ba, kuma har yau Noyyal bai koma yadda yake ba. Duk da haka Tiruppur na nan tana fitar da kaya, tana ma tallar tsabtar ruwanta ga masu saye na Turai.

Yanzu mu komo kan dila. Daga 1 ga Janairu, 2025 ya zama tilas ga ƙasashen Tarayyar su riƙa tattara tsofaffin tufafi daban, ba a haɗa su da shara. A takarda abu ne mai kyau. Amma idan an tattara, ina za a kai? Yadin da aka cakuɗa auduga da zaren roba yana da wuyar warwarewa, kuma injinan da ke iya wannan aiki ba su taka kara sun karya ba. Hanya mafi arha ita ce jirgin ruwa. Hukumar muhalli ta Turai ta nuna cewa tsofaffin tufafin da Tarayyar ke fitarwa sun tashi daga kimanin tan 550,000 a 2000 zuwa kusan tan miliyan 1.7 a 2019, kuma kashi 46 cikin 100 Afirka aka kawo su. A kasuwar Kantamanto ta Akra, inda ake kiran gwanjo da sunan da ke nufin kayan mataccen Bature, gidauniyar Or ta ƙiyasta cewa tufafi miliyan 15 ke shigowa duk mako, kuma wajen kashi 40 cikin 100 a bola suke ƙarewa. Mata 'yan dako, da yawansu daga arewacin Gana, su ke ɗaukar dila mai kilo 55 a ka. Abin da bai sayu ba ya cika kwatoci, ya gangara tafkin Korle, teku ya murɗe shi ya dawo da shi gaɓa kamar igiyoyi. A farkon Janairun 2025 gobara ta cinye mafi yawan kasuwar.

Ga inda gizo ke saƙa. Kuɗin kwashe sharar a Turai ake karɓarsa, can ake kashe shi, alhali rigar a Akra ko Kano take mutuwa. Masu fafutuka a Gana sun daɗe suna cewa kuɗin ya bi rigar duk inda ta je, kuma ni ban ga hujjar da za ta ture wannan magana ba. Sabuwar dokar ta 2025 ta ce dole a tantance kaya kafin a fitar da su, don kada a lulluɓe shara da sunan gwanjo. Madalla. Amma mai tantancewar shi ne mai sayarwa, kuma kowane tsumma da ya cire daga dila asara ce a gare shi.

Wasu za su ce a hana shigo da gwanjo kawai a huta. Ruwanda ta gwada: a 2016 ta ɗaga harajinsa daga santi 20 zuwa dala 2.50 a kan kilo, Amurka ta rama a 2018 da dakatar da rangwamen da tufafin Ruwanda ke samu a ƙarƙashin yarjejeniyar AGOA, maƙwabtanta kuwa suka ja da baya. Nijeriya ta daɗe da sa gwanjo cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su, amma kowa ya san hanyar Kwatano. Magidanci mai 'ya'ya bakwai, ga sanyi ya kawo jiki, ba zai tsaya karanta takardar kwastan ba. Abin da ya canja shi ne irin kayan. Tsumman auduga na da bai taɓa zama shara ba: a cusa shi a matashi, a yi lagwanin fitila, a goge tukunya, ƙarshe ƙasa ta cinye shi. Zaren roba kuwa ɗan'uwan leda ne, daga man fetur aka samo shi. Ba ya ruɓewa, idan aka ƙona shi ya narke ya yi baƙin hayaƙi, idan ya shiga kwata ya jira damina.

Mu ma muna da doka. An kafa hukumar NESREA a 2007, kuma a 2009 ta fitar da ƙa'idojin muhalli na masaƙu da masana'antun tufafi da fata da takalma. Sai dai ta zo ne bayan an watse: masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta riga ta rufe, ƙofofin masaƙun Kakuri sun yi tsatsa. Waɗanda suka rage su ne majemu da masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano, da ɗimbin masu rinin shadda na cikin unguwanni, waɗanda ke aiki da sinadaran kanti su tuttular da ruwan a kwata. Ka bi wani lungun ka ga yau ruwan shuɗi ne, gobe ja. Karofin Ƙofar Mata, da ake danganta kafuwarsa da 1498, da baba da toka yake aiki, amma ba shi ke rina mafi yawan abin da muke sawa ba. Ƙaramin marini ba zai iya gina matata shi kaɗai ba, kamar yadda na Tiruppur bai iya ba sai da suka yi taron dangi.

Wata 30 ɗin nan da aka ba ƙasashen Turai shi ne lokacin da za a rubuta wa zai karɓi kuɗi, nawa, a kan wane aiki. Gwamnatocin da tashoshinsu ke sauke kwantenonin suna da bakin magana idan sun ga dama. Abu mafi sauƙi da za su nema bai ma kai batun kuɗi ba: tun da an yarda kowace riga ta samu fasfo, a yi wa dila nata, a rubuta wanda ya ɗaure ta, da garin da aka ɗaure ta, da yawan roba da audugar da ke ciki, yadda idan mai dila a Wambai ya fasa ya tarar rabi tsumma ne zai san sunan wanda zai bi bashi.