Me ya sa wuta ke isowa Ƙaura Namoda ba ƙarfi?

Masu walda daga Ƙaura Namoda zuwa Kasuwar Daji sun san halin: a kawo wuta, ta kasa tada inji. Manyan layukan Najeriya na kilobolt 330 da 132 lantarki mai kai-komo suke ɗauka, wanda ke raunana a doguwar tafiya, ga Zamfara nesa da tashoshin samar da wuta.

Sai dai akwai lantarki mai bin hanya ɗaya da ya dace da doguwar tafiya, irin layin Habasha zuwa Kenya mai fiye da kilomita 1,000, da ya fara aiki a 2022. Asararsa kaɗan ce. Matsalarsa tana tashoshin juya wutar, inda take gurɓacewa har ta zafafa taransifoma. Masu digirin digirgir na binciken yadda za a tace ta. Ya kamata injiniyoyin Jami'ar Ahmadu Bello su ba fagen nan muhimmanci.