Balaguron bazara a Tekun Baltik: Yadda jiragen shaƙatawa ke bin tsohuwar hanyar fatake

Daga watan Mayu zuwa Satumba na kowace shekara, manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido kan cika tashoshin biranen arewacin Turai. Jirgi guda kan ɗauki dubban fasinjoji, kuma a cikinsa akwai ɗakunan kwana da gidajen cin abinci da kantuna da ɗakin shan magani. Yakan tashi daga Kofenhagen ta ƙasar Danmak, ko Kiel ta Jamus, ko Southampton ta Birtaniya, ya shafe mako guda zuwa biyu yana zagaya Tekun Baltik. Da dare ake tafiya, da safe a wayi gari a sabuwar ƙasa, fasinja ya sauka ya yini a birni, kafin faɗuwar rana ya koma jirgi.

Kamfanoni na tallata wannan balaguro da cewa mutum zai ga ƙasashe biyar ko shida ba tare da ya sake ɗaure kayansa ba. Haka ne. Sai dai biranen da jirgin ke tsayawa ba a banza suka jeru ba, domin zangon fatake ne tun shekaru ɗari bakwai da suka wuce, kuma kasuwanci ne ya gina galibin abin da baƙo ke ɗauka a hoto. Wanda ya san wannan tarihi kafin ya biya kuɗinsa, shi ne zai ci moriyar awanni takwas ko goma da ake ba shi a kowane gari.

Dalilin da ya sa sai da bazara

Bazarar Turai na zuwa ne daidai da daminarmu, kuma abu biyu ne suka sa ta zama kakar wannan sana'a. Na farko haske. A Kano tsawon yini bai cika gotawa daga awa 11 zuwa 13 ba duk shekara. A Helsinki ta ƙasar Finlan kuwa, yinin ƙarshen watan Yuni kan kusan kai awa 19, alhali na watan Disamba bai cika awa shida ba. Da bazara fasinja zai iya tsayawa a saman jirgi da ƙarfe goma na dare yana kallon tsibirai.

Na biyu ƙanƙara. Baltik teku ne da ƙasa ta kusan kewaye shi, koguna da yawa na zuba a cikinsa, mashigarsa zuwa babban teku kuma ƙunci gare ta. Saboda haka gishirin ruwansa kaɗan ne, yana kuma saurin daskarewa. Da hunturu sassansa na arewa da gabas kan zama ƙanƙara, sai an sa jirage na musamman sun fasa hanya kafin jiragen kaya su wuce. Fataken da ma haka suka yi: su yi safara da bazara, su ɗaure jirage da hunturu.

Ƙungiyar Hansa: fataken da suka gagari sarki

Tushen labarin yana birnin Lübeck na arewacin Jamus, wanda aka kafa a 1143. Kusa da shi akwai garin Lüneburg mai arzikin gishiri, a ƙetaren ruwa kuma, a gaɓar da yanzu take kudancin Suwidin, ana kama kifin herin, wani ƙaramin kifi dangin sadin, da yawan gaske. Kiristocin Turai na wancan zamani suna da ranakun azumi masu yawa da ba a cin nama, don haka kifi na da kasuwa. Amma kifi ba ya kai wa nesa sai da gishiri. Fataken Lübeck suka tsaya a tsakiya, suna kai gishiri, suna ɗauko kifi a gangunan katako, suna rarraba shi cikin Turai.

Daga nan harka ta faɗaɗa. Fatu masu gashi da kakin zuma daga Rasha, hatsi da katako daga Folan, ƙarfe da tagulla daga Suwidin, yadin ulu daga Ingila da Flanders. Don kare kansu daga 'yan fashin teku da zaluncin masu mulki, fataken garuruwa daban-daban suka haɗa kai a ƙungiyar da aka sani da Hansa, wadda ta yi babban taronta na farko a Lübeck a 1356, kuma a lokacin ganiyarta ta ƙunshi garuruwa kusan 200. Tana da manyan masaukai huɗu a ƙasashen waje: Landan, Bruges, Bergen da Novgorod. Duk wanda ya san yadda zangon Hausawa yake a hanyar Gwanja zai gane tsarin: baƙin fatake a unguwarsu, da shugabansu, da dokokinsu, da yarjejeniya tsakaninsu da mai ƙasa.

Babban makamin Hansa shi ne ƙaurace wa kasuwa. Garin da ya saɓa alkawari sai a daina kai masa kaya har ya sauko. Da Sarkin Danmak Valdemar na Huɗu ya ci garin Visby da yaƙi a 1361, biranen suka haɗa rundunar ruwa suka yaƙe shi, aka ƙare da yarjejeniyar Stralsund ta 1370 wadda ta tabbatar musu da 'yancin kasuwanci. Daga baya dauloli suka yi ƙarfi, Rasha ta rufe masaukin Novgorod a 1494, Ingila ta rufe na Landan a 1598, 'yan kasuwar Holan suka ƙwace safara. Taron ƙarshe an yi shi a 1669. Sunan dai bai mutu ba, yana nan a jikin jiragen saman Lufthansa da ke sauka a Abuja da Legas.

Kofenhagen da kuɗin fito

Ma'anar sunan Kofenhagen ita ce tashar 'yan kasuwa. Arewa da birnin akwai mashigar Øresund, inda tazarar Danmak da Suwidin ba ta wuce kimanin kilomita huɗu ba. A 1429 Sarki Eric na Pomerania ya sa wa duk jirgin baƙi da zai ratsa wurin kuɗin fito, aka kuma girke bindigogi a ganuwar Helsingør don mai taurin kai.

Jami'an kwastam za su so jin dabarar da aka shigo da ita a 1567, lokacin da aka mayar da harajin bisa ƙimar kaya. Matuƙin jirgi shi ke faɗin darajar kayansa da bakinsa, amma sarki na da ikon saye kayan nan take a kan farashin da ya faɗa. Wanda ya rage ƙima don gudun haraji na iya rasa hajarsa a arha, wanda ya ƙara kuma ya biya haraji mai yawa. An ci gaba da karɓar fiton har 1857. A yau ƙananan jirage da matsakaita na iya kauce wa zagaya Danmak ta mashigin Kiel, wanda Jamus ta haƙa ta buɗe a 1895, mai tsawon kimanin kilomita 98.

Visby, Talin da Sitokholm

Visby na kan tsibirin Gotland na Suwidin, kewaye da ganuwar dutse mai tsawon fiye da kilomita uku. A gidan tarihinta akwai abin da zai ɗauki hankalin Musulmi: taskar azurfa mai nauyin kilo 67 da aka tono a wata gona a 1999, cikinta da tsabar kuɗi kimanin 14,000, galibinsu dirhamin ƙasashen Musulunci masu rubutun Larabci. Sun iso nan ne tun kafin Hansa, ta hannun fataken arewa da ke bin kogunan Rasha. Irin waɗannan fatake ne jakadan Bagadaza, Ahmad ibn Fadlan, ya gamu da su a bakin kogin Volga a 922.

Talin, babban birnin Estoniya, na cikin biranen Hansa da suka fi riƙe kamanninsu na da. Gari biyu ne a haɗe: masu mulki a kan tudu, 'yan kasuwa a ƙasa, kowa da dokarsa, da ƙofa a tsakani. A dandalin kasuwa akwai kantin magani da ke aiki tun 1422. Arzikin Talin ne ya tsone wa Sarkin Suwidin Gustav Vasa ido, har ya kafa Helsinki a 1550 a ɗaya gaɓar, kilomita 80 tsakani, don ta janye cinikin Rasha. Dabarar ba ta ci ba a lokacin, Helsinki ta daɗe tana ƙaramin gari kafin ta zama babban birnin Finlan a 1812.

Shiga Sitokholm kuwa ya cancanci a tashi da asuba, domin jirgi kan shafe awanni yana ratsa tsibirai kusan 30,000. A birnin akwai jirgin yaƙin Vasa, wanda aka ƙera wa Sarki Gustav Adolf da bindigogi 64. Ranar 10 ga Agusta, 1628, a tafiyarsa ta farko, bai wuce mita 1,300 ba iska ta karkata shi, ruwa ya shiga ta tagogin bindiga, ya nutse a gaban jama'a. Nauyi ya yi masa yawa a sama. An gwada shi kafin tashi, an ga yana tangaɗi, amma sarki na jiran jirginsa, aka rasa mai tsayar da aikin. An ciro shi a 1961 kusan cikakke, saboda tsutsar da ke cin katako a teku ba ta rayuwa a ruwa mai ƙarancin gishiri.

Bergen da kifin da ke zuwa Najeriya

Wasu jiragen kan bar Baltik su nufi gaɓar Norwe ta yamma, inda Bergen take. A unguwar Bryggen, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1979, fataken Jamus sun zauna daga wajejen 1360 zuwa 1754. An hana su aure, an hana hura wuta a gidajen katakon sai a zaurukan taro. Suna ba masuntan arewa hatsi bashi, a biya su da busasshen kifi, wanda ake shanyawa a kan katako ba gishiri, iskar sanyi ta busar da shi. Wannan kifi shi ne okporoko a bakin Igbo, panla a bakin Yarabawa, kuma Najeriya na cikin manyan masu sayensa daga Norwe har yau.

Garin da ya fita daga jerin

Shekaru da dama birnin St. Petersburg na Rasha ne abin alfaharin wannan balaguro, har jirage kan kwana biyu a can. Da Rasha ta mamaye Yukiren a Fabrairun 2022, manyan kamfanonin Yamma suka cire shi daga jadawali, suka maye gurbinsa da irin su Riga ta Latbiya da Gdansk ta Folan. Finlan ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO a 2023, Suwidin ta bi ta a 2024. Kamar a zamanin Novgorod, rigimar masu mulki ce ta toshe hanyar gabas.

Abin da mai niyya zai shirya

Ɗan Najeriya ko Nijar na buƙatar bizar Schengen, wadda ta haɗa ƙasashen nan duka ban da Rasha da Birtaniya. Kuɗin nema Yuro 90 ne tun Yunin 2024, kuma dole a nuna inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. In jirgin daga Southampton zai tashi, sai an ƙara da bizar Birtaniya. Hikima ita ce a karanta sharaɗin mayar da kuɗin tikiti kafin a biya, domin biza ba ta da tabbas.

Farashin da ake tallatawa ɗaki da abinci ya ƙunsa. Tikitin jirgin sama, yawo da ɗan jagora, intanet da tukuicin ma'aikata da ake lissafawa kullum, yawanci daban ake biya. Jamus da Finlan da Estoniya da Latbiya na amfani da Yuro, amma Danmak da Suwidin da Norwe da Folan kowace da kuɗinta, kuma wurare da yawa a Suwidin kati kawai suke karɓa. A kula da agogo: Helsinki da Talin da Riga na gaba da Kofenhagen da Sitokholm da awa guda, jirgi kuma ba ya jiran wanda ya fita yawon gaban kansa ya makara.

Ga Musulmi, batun salla na buƙatar shiri. A tsakiyar bazara shafaƙi ba ya ɓacewa sarai a waɗannan wurare, don haka lokacin Isha'i da Asuba sai an ƙaddara. Ya kamata mutum ya tambayi malaminsa hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kafin ya tashi, ya kuma duba jadawalin masallatan Kofenhagen da Sitokholm da Helsinki. Galibin jiragen na sayar da barasa, suna da ɗakin caca, abincin halal kuma sai an nema tun wajen yin rajista, ko da yake kifi da kayan lambu ba sa yankewa. A riƙe rigar sanyi, domin iskar teku da yamma ta fi ta hunturunmu kaifi.

Yini guda ba ya isa a san gari. Wanda ya sauka da niyyar ganin komai zai koma jirgi da gajiya da hotuna. Ya fi kyau a zaɓi abu ɗaya ko biyu a kowace tasha tun daga gida, ko dirhamin Visby, ko dandalin Talin, ko jirgin Vasa, a ba shi lokacinsa.