"A sako muna shi": Yadda matasan Ƙaura, Shinkafi da Zurmi ke jiran albam sau biyu

Duk mawaƙin Hausa da ya yi suna ya san wannan tambayar. Ya saka hoton ɗaurin auren abokinsa a Instagram, kafin a yi masa Allah ya sanya alheri sau uku wani ya riga ya rubuta: "Oga, albam fa?" Ya saka hoton Umara, a ce Allah ya karɓi ibada, amma yaushe za a saki aikin? In ka ga an rubuta "don Allah a sako muna shi" ko "wanga jira ya isa", to ba sai an gaya maka daga ina mai rubutun yake ba. Bazamfare ne ko Basakkwace.

Abin da yawancin masu karanta irin waɗannan saƙonni daga Kano ko Kaduna ba su lura da shi ba shi ne, matashin da ke Ƙaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi jira biyu yake yi. Na farko, ya jira mawaƙi ya saki albam kamar kowa. Na biyu, ya jira albam ɗin ya iso inda yake. Wani lokaci na biyun ya fi ciwo, domin abokansa na Abuja sun riga sun haddace amshi suna hawa TikTok da shi, shi kuwa yana tsaye kan tudu yana ɗaga waya sama.

Mu fara da jiran farko. Wanda ya yi wayo a shekarun 2010 ya tuna lokacin da albam ke zuwa kamar damina. Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef, Nazifi Asnanic, Ali Jita: da wuya a daɗe ba ka ji ɗayansu ya fito da sabon faifai ba. Akwai dalilin da ya sa abin ke tafiya haka, kuma dalilin kasuwa ne. 'Yan kasuwar faifai na Kano, musamman na Ƙofar Wambai, su ne ke sayen aikin ko su zuba kuɗi a buga shi. Mawaƙi ya karɓi kuɗinsa a hannu, ɗan kasuwa ya buga kwafi, a loda a mota. Kwali ya bi ta Funtuwa zuwa Gusau, daga nan Ƙaura, daga Ƙaura kuma hanya ta rabu, ɗaya ta nufi Shinkafi, ɗaya ta nufi Zurmi ta wuce Jibiya. Tun 1929 da layin dogo ya iso ya tsaya a Ƙaura garin yake wannan aikin na raba kaya, waƙa ma ta bi sahun gyaɗa da atamfa. Sannan ga finafinan Kannywood da ke sayen waƙoƙin su hau kansu, mawaƙi ya sake cin kuɗi a kan aiki ɗaya.

Wannan kasuwa ta mutu, kuma kowa ya san abin da ya kashe ta: satar fasaha, memori, da waya mai Xender. Fim ya koma mai dogon zango a YouTube da Arewa24. Ba wanda zai ba mawaƙi kuɗi a dunƙule don ya zauna wata shida yana haɗa waƙa goma sha biyu. Shi zai biya situdiyo, shi zai biya mai kiɗa, shi zai biya 'yan amshi, shi zai biya mai ɗaukar bidiyo. A daidai lokacin kuma ga mai biki yana kira da kuɗi a hannu a yi wa amarya waƙa, ga ɗan siyasa yana aiko da mota. In kai ne, wanne za ka fara yi? Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, ka ƙaddara albam ɗin gwaninka ya koma aljihun baya.

Akwai kuma darasin 2020. Hamisu Breaker ya saki "Jarumar Mata" a lokacin kullen korona, mata suka riƙa ɗaukar bidiyo suna yi wa mazajensu rawa, waƙa guda ta zaga duniyar Hausawa fiye da yadda albam da yawa suka taɓa yi. Tun daga nan lissafi ya sauya wa kowa. Me zai sa ka zube waƙa goma sha biyu rana ɗaya, mutane su ɗauki biyu su manta da goma, alhali za ka iya sakin ɗaya ɗaya kowace ta ci watanta? Ni dai ina cikin masu ganin an yi asara a nan. Albam ne ke nuna zurfin marubucin waƙa, a nan yake saka waƙar iyaye da ta mutuwa da ta nasiha waɗanda ba za su taɓa yin tashe a TikTok ba. Amma ba ni ke biyan kuɗin situdiyo ba.

Sai batun da matasa ke yawan ji ba su gane ba: "aiki ya kammala, muna jiran masu rarrabawa." Wasu na ɗauka yaudara ce. Ba kullum ba. Mawaƙi ba ya iya ɗora waƙarsa kai tsaye a Spotify ko Apple Music yadda kake ɗora hoto a Facebook. Dole ya bi ta hannun dillali, wato kamfanin rarraba waƙa irin su DistroKid, TuneCore, CD Baby ko ONErpm. Shi zai ba kowace waƙa lambar shaida, ya aika ta manhajoji, ya tattaro kuɗin sauraro ya miƙa wa mai ita. Wasu na karɓar kuɗin shekara, wasu na yankar kaso. Ana so a miƙa aiki makonni kafin ranar fitarwa, kuma ƙaramin kuskure a hoton bango ko sunan wanda ya yi kiɗa na iya sa a dawo da shi. Da yawa da dala ake biyansu, kuma an yi shekaru bankunan Najeriya sun toshe biyan dala da katin naira, sai mawaƙi ya nemi wani a waje ya biya masa. In aka yi rashin sa'a wani ɗan situdiyo ya fitar da waƙar a ɓoye, wani can ya riga ya ɗora ta da sunansa, to sai an yi ta aika saƙon ƙorafi kafin mai waƙa ya karɓi abinsa.

In kuma mawaƙi ya sa hannu da kamfanin waƙa, ranar fitar da albam ba a hannunsa take ba sam. Wannan ba ciwon Hausawa kaɗai ba ne. Lil Wayne na Amurka ya shirya sakin "Tha Carter V" a 2014, rigima da kamfanin Cash Money ta riƙe shi har Satumban 2018, sai da aka je kotu. A nan gida, rikicin Kiss Daniel da G-Worldwide a 2017 ya kai ga ya sauya rubutun sunansa zuwa Kizz Daniel. Wizkid ya yi shekaru yana cewa "Made in Lagos" na nan tafe, ya sa rana a tsakiyar Oktoban 2020, zanga-zangar EndSARS ta sa ya ɗage zuwa ƙarshen watan. Masoyan Rihanna kuwa tun "Anti" na 2016 suke zaman jira, su ya kamata mu yi wa jaje.

Bambancin shi ne su waɗancan akwai manyan kamfanoni a bayansu. Warner ta ƙulla da Chocolate City a 2019, Empire ta ƙulla da YBNL ta Olamide a 2020, Universal ta sanar da sayen kaso mafi girma na Mavin a 2024. Duk a Legas. Mawaƙan Hausa da suka taɓa shiga irin wannan tsari kaɗan ne, kamar Namenj da ya fito ta shirin emPawa na Mr Eazi. Sauran kowa shi ne kamfanin kansa, shi ne manajan kansa, wani lokaci ƙaninsa ne ke riƙe da kalmar sirrin YouTube.

To me ya hana kamfanonin hawowa Arewa, alhali masu jin Hausa miliyoyi ne? A nan ne maganar ta dawo kan Zurmi da Shinkafi.

Kamfani lamba yake kallo. Yana buɗe allo ya ga sau nawa aka saurari waƙa, a wane gari, wa ya biya. Spotify, wadda ta shigo Najeriya a Fabrairun 2021, ta ce ta biya mawaƙan ƙasar sama da naira biliyan 58 a 2024. Kuɗi ne na gaske. Amma yadda ake rabon, ana duba kuɗin da aka tara a ƙasar da aka yi sauraron, kuma kuɗin wata na mai sauraro a Najeriya bai kai dala 2 ba, na Amurka ya haura dala 10. Don haka sauraro dubu daga Gusau bai kai sauraro dubu daga Landan daraja ba. Wannan ma ga wanda ya saurara ta manhajar ke nan.

Yanzu dubi yadda waƙa ke yawo a arewacin Zamfara. Ɗalibi ɗaya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura ya sami sabis mai kyau da dare, ya sauke albam daga wani shafi ko ya ciro sautin daga YouTube. Kafin gari ya waye ya tura wa 'yan ɗakinsu ta Xender. Da rana ya isa shagon mai caji, wanda shi ne kuma mai tura waƙa a memori. Daga kwamfutarsa ɗaya ɗaruruwan wayoyi za su ɗauka, direbobi su kai Shinkafi da Zurmi, 'yan acaɓa su shiga da shi ƙauyuka, a kunna a gidan biki, a kunna a majalisar mai shayi. Ƙauye guda ya haddace waƙar. A allon kamfani kuwa, duk wannan sauraro ɗaya ne, in ma an ƙirga shi. Mutanen da suka fi kowa son mawaƙin su ne waɗanda ba a ganin su a lissafi, sai kamfani ya kammala cewa waƙar Hausa ba ta da kasuwa, sai kuɗin yin albam ya ƙi zuwa, sai jira ya ƙaru.

Kafin wani ya ce laifin matasan ne, ya tambayi kansa da wace data za su yi. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin ɗari. Boomplay na zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel, Audiomack na bari ka ajiye waƙa ka ji ba tare da data ba, amma sai ka fara samun sabis ɗin da za ka sauke. Mutanen yankin nan sun san abin da ake kira rashin sabis fiye da kowa. A farkon Satumban 2021, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, aka kashe layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. An ce mako biyu. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi suka kai kusan ƙarshen Nuwamba. A daidai lokacin an rufe kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka, wanda shi ne abincin janaretan mai caji. Ba shakka waƙa ita ce mafi ƙanƙantar abin da mutane suka rasa a watannin nan, akwai waɗanda ba su iya jin labarin iyayensu ba. Amma duk waƙar da ta fito a lokacin, memori ne kaɗai ya shigo da ita, a aljihun matafiyi. Wanda ya ga haka ba zai yarda ya bar waƙoƙinsa a manhajar da ke buƙatar intanet ba, kuma yana da gaskiya.

Abin da ke ba ni takaici shi ne wannan yanki ba baƙon waƙa ba ne, gidanta ne. Ibrahim Narambaɗa, mawaƙin Sarkin Gobir na Isa, mutumin Tubali ne, nan kusa da Shinkafi. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da mafarauta kiɗan da har yau in aka kunna sai tsigar jiki ta tashi. Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru duk 'yan ƙasar Zamfara ne. Su ba su san jiran albam ba, sarki ne kamfaninsu, fada ce dandalinsu, gidan rediyon Kaduna ya kai muryarsu ko'ina. Yau ka shiga YouTube za ka tarar da waƙoƙinsu a tashoshi barkatai, wasu da dubban ɗaruruwan masu kallo. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991. Ku yi lissafin da kanku, sannan ku tambayi wa ke karɓar kuɗin tallan da ke fitowa kafin waƙar ta fara.

Ga matashin Ƙaura ko Zurmi da ke rubuta waƙa yana mafarkin nasa albam, wannan tambayar ita ce tasa. Ranar da wani ya zo da takarda ya ce zai ɗora maka waƙa a duk manhajoji, ka duba abu uku kafin ka sa hannu: da sunan wa za a buɗe asusun, wa ya mallaki ainihin sautin da aka ɗauka, kuma shekara nawa yarjejeniyar za ta yi. Ka kai wa wanda ya san doka ya karanta maka, ko da za ka biya. Masu sauraro kuma da ke da hali, in sabis ya samu, kunna waƙar sau ɗaya a tashar mawaƙin ta gaskiya ya fi kwamen hamsin na "yaushe za a saki".

Su ma mawaƙan da masu rarraba musu akwai abin da za su duba. Tun 2015 duniya ta tsayar da Juma'a a matsayin ranar sakin sabbin waƙoƙi, shi ya sa kake ganin ana cewa ƙarfe 12 na daren Alhamis. Kasuwar Shinkafi kuwa ranar Alhamis take ci. Mutumin ƙauye da ya shigo kasuwa da memorinsa ya loda abin da ya samu, ya kama hanya tun da sauran rana saboda halin da hanyoyin suke ciki. Sa'o'i kaɗan bayan ya isa gida albam ɗin zai fito, shi kuma ba zai ji shi ba sai wata Alhamis.