Rage Tsayin Mota: Adon Da Ke Cinye Taya

Ɗabi'ar rage tsayin mota domin ta kwanta ƙasa, wadda wasu matasa a Legas da Abuja suka ɗauka a matsayin ado, tana jawo wa masu motocin asarar da ba su sanya cikin lissafi ba.

Galibi bakanike yakan yanke sifirin ne, ko ya musanya shi da gajere. Da zarar jikin motar ya sauka, sai saman tayoyin ya karkata ciki, saitin da kamfani ya yi musu ya kauce. Daga nan gefen ciki na taya yakan cinye tun na waje yana sabo, sitiyari ya riƙa ja gefe guda, shan mai kuma ya ƙaru. Abin takaici, a motoci da dama mai saitin ƙafa ba ya iya gyara karkatar sai an sayo kusoshi na musamman, ga ramukan titi da kan sake ɓata aikin.

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a 2008, ƙasar nan ta dogara ga tayoyin waje, waɗanda farashinsu ya hau bayan faɗuwar darajar naira a 2023. Wanda tayarsa ta cinye kafin lokaci sau da yawa ga tokumbo yake komawa, duk da haɗarin fashewarta a kan babbar hanya.