Abin Da Za A Yi Idan Kare Ya Ci Cakulan Ko Alawa

A Idu, cikin Birnin Tarayya Abuja, akwai masana'antu da ɗakunan ajiye kaya da tashar jirgin ƙasa wadda aka buɗe a 2016, kuma mutane da yawa suna ajiye karnuka domin gadi. Haka mafarauta da makiyaya suke yi a ko'ina cikin ƙasar nan. To, ya kamata jama'a su sani cewa waɗansu kayan zaƙi da ba sa cutar ɗan Adam guba ne ga kare.

Babba a cikinsu shi ne cakulan. A cikinsa akwai wani sinadari mai suna tiyoburomin, wanda jikin kare ba ya iya fitar da shi da sauri. Giram 100 na cakulan mai madara ya isa ya jigata kare mai nauyin kilo 10, baƙin cakulan kuwa giram 40 ma ya isa. Goro da kofi su ma suna da irin wannan illa. Sai kuma cingam da alawa waɗanda ba a sa musu sukari ba. Idan an ga kalmar xylitol a jikin takardarsu, to, suna iya zubar da sukarin jinin kare cikin minti 30 zuwa awa ɗaya. Inabi da zabibi kuwa ƙoda suke lalatawa.

Alamun da za a gani su ne amai, da zawo, da yawan ƙishirwa, da haki, da rashin natsuwa, da karkarwa. Idan abin ya tsananta sai kare ya shiga farfaɗiya. Na cakulan yakan ɗauki awa 6 zuwa 12 kafin ya bayyana, saboda haka kada a ce sai an ga alama.

Ga abin da za a yi:

1. A kwashe ragowar, a adana takardar da aka naɗe shi.
2. A lura da yawan abin da ya ci, da lokacin da ya ci.
3. A kai shi wurin likitan dabbobi nan da nan. Cikin awa 2 na farko likita yana iya sa shi amai da magani, ya ba shi gawayi na asibiti mai tsotse guba.
4. Kada a ɗura masa gishiri, ko manja, ko madara. Gishiri mai yawa shi kansa guba ne, ɗura kuma tana iya shaƙe shi.
5. Kada a sa hannu a bakinsa, a kuma janye yara, domin kare mai jin ciwo yana iya cizon ubangijinsa.

Jami'ar Abuja tana da asibitin dabbobi a Gwagwalada, Jami'ar Ahmadu Bello tana da nata a Zariya. A sauran wurare a nemi ofishin dabbobi mafi kusa.

Lalle ne iyaye su gargaɗi yara, musamman lokacin Salla da Kirsimeti, kada su jefa wa kare kayan zaƙi. Dabbar da mutum ya ajiye amana ce a hannunsa, kuma rigakafi ya fi magani.