Salon Shugabanci Da Ribar Kwangila: Darasi Daga Ginin Abuja

GARKI, ABUJA — Yawancin 'yan kwangila kan ɗora alhakin asara a kan tsadar siminti, ko faɗuwar darajar Naira, ko jinkirin biya daga gwamnati. Duk waɗannan gaskiya ne. Amma akwai wani dalili da ba ya fitowa a littafin akanta, wato yadda shugaban aiki yake tafiyar da mutanensa.

Masana sun daɗe da kasa salon shugabanci gida uku. Cikin 1939 Kurt Lewin da abokan aikinsa suka gwada su a kan ƙungiyoyin yara a Amurka. A ƙarƙashin shugaba mai ba da umurni kaɗai, aiki ya yi yawa, amma da zarar ya fita sai hannu ya yi sanyi. A ƙarƙashin mai shawara, aiki ya ci gaba ko ba ya nan. Wanda ya sakar wa kowa linzami kuwa, shi ya fi samun ƙarancin sakamako.

Sai dai a harkar kwangila, ba salo ɗaya ke ɗaukar aiki daga farko zuwa ƙarshe ba. Tarihin ginin Abuja ya nuna haka.

Matakin farko na shawara ne. Kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, wanda gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa cikin 1975, ya karɓi ra'ayoyin jama'a kafin ya zaɓi wuri. Doka ta 6 ta 1976 ta kafa Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya, wadda hedkwatarta ke nan Garki, sannan kamfanin IPA na Amurka ya miƙa taswirar birnin cikin 1979. An share shekaru ana aiki a kan takarda.

A zamanin Shugaba Shehu Shagari aka matsa lamba don a gaggauta ƙaura, har aka yi bikin 'yancin kai na 1982 a Abuja. An ba da kwangiloli masu yawa cikin ɗan lokaci, kuma da kuɗin man fetur ya ragu, ayyuka da dama suka tsaya cik. Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa.

Daga baya, lokacin da aka tsai da ranar taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na watan Yunin 1991, umurni daga baki ɗaya ya yi amfani. Kamfanin Julius Berger ya kammala Cibiyar Taro ta Ƙasa da Ƙasa domin taron, kuma ran 12 ga Disamba 1991 fadar gwamnati ta dawo Abuja daga Legas.

Hikimar tattalin arziki a nan mai sauƙi ce. Gyaran kuskure a kan zane bai wuce kuɗin takarda da lokacin injiniya ba. Gyaransa bayan an zuba kankare kuwa yana nufin rushewa, da sayen sabon kaya, da biyan leburori sau biyu. Saboda haka shugaban da ya hana injiniya ko magini faɗin ra'ayinsa tun farko, ya sayi matsala da tsada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka kuma wanda ya ci gaba da kiran taro bayan an soma gini, kowace ranar jinkiri tana cin hayar injuna, da albashi, da ruwan bashin banki, alhali kuɗin kwangilar bai ƙaru ba. Daga ribarsa ake cire su.

Ga mai kamfani, ko na gini ne ko na safara, abin lura uku ne. Na farko, a saurari kowa kafin a sa hannu kan farashi da wa'adi. Na biyu, da zarar an soma, a san mutum ɗaya mai yanke hukunci, a kuma rubuta iyakar kuɗin da zai iya kashewa ba tare da ya komo wurin maigida ba. Na uku, kada a hukunta wanda ya kawo labarin matsala, domin inda ake tsoron shugaba, shi ne na ƙarshen jin ɓarna.

Kafin a naɗa shugaban aiki, ya kamata a tambayi waɗanda suka taɓa aiki a ƙarƙashinsa: yana sauraro lokacin tsari, kuma yana iya yanke magana lokacin aiwatarwa?